Ɗiyan Kaza Goma Sha Ɗaya

A shekarar da Alhaji Sambo mai hoto ya sauke farali, wato shekara ta uku da yanke Jihar Sakkwato, alhazan Tambuwal sun dawo da rediyo mai kaset da agogon bango da fulas na shayi, wasu har da haƙorin Makka. Shi kuwa dogon akwati guda ya sauko da shi daga mota, ya hana kowa taya shi ɗauka. Da aka buɗe, sai ga madubin hangen taurari fari sol, tsawonsa kamar na taɓarya, da ƙafafunsa uku, da wurin ɗaura kyamara a gindinsa.

Matarsa Marka ta zagaya shi sau biyu, ta ce, "Alhaji, ashe bututu kat tafi saye Makka."

Ƙanwarsa Ummulkulsum, wadda ke zaune a gidan tun da ta bar firamare a aji huɗu, ta tsaya daga nesa tana kallo. Dama ba mai magana ba ce. In baƙo ya yi sallama, takan shige ɗaki da ɗinkin hularta har ya tafi. Amma ita ta san dalilin bututun.

Mahaifinsu Malam Bube yana Kebbe, yana karantar da littattafai, kuma shi ne mai lissafin taurarin damina. Manoma har daga Fakku sukan zo su tambaye shi lokacin shuka. Tun yana saurayi yake cewa ɗiyan Kaza, tarin taurarin nan da kowa ke ganin shida, mai kaifin ido ya ga bakwai, shi goma sha ɗaya yake gani. Har ya ɗiga su da tawada a wata takarda, kowanne a mazauninsa, ya adana cikin gafaka. Amininsa Malam Na'iya ya shekara arba'in yana yi masa tsiya a kan haka, shi kuma yana dariya.

Dariyar ta ƙare ne da yanar ido ta fara rufe wa Malam Bube gani. Sai magana ta juya a gari. Aka ce ashe ɗige-ɗigen da yake gani tun da can ciwon ido ne ke tafe, kuma wanda ya ƙirga abin da babu a sama, ina za a amince da lissafinsa na ruwa? A bara mutum uku kacal suka zo tambayar shuka. Ummulkulsum ta ga mahaifinta zaune a zaure tun hantsi har azahar, ya shimfiɗa tabarmar baƙi, babu wanda ya taka ta. Abin da ya sa Sambo ya sayo madubin ke nan. Yana so ya ɗauki hoton Kaza ya kai Kebbe tun idon tsohon yana iya rarrabe fari da baƙi.

Sai dai abin ya ƙi. Watanni huɗu suna fama. Da an idar da magariba sai su kafa madubin a bayan gida, ita ta riƙe tocila, shi ya saita. Kashegari ya shiga ɗakin duhu na shagonsa ya wanke, ya fito fuska a ɗaure. Taurarin tsakiyar hoto sukan fito tsaf kamar ƙwayar gero, na gefe kuwa sai su narke su zama kamar an ɗiga koko a ƙasa. Ga shi ɗiyan da ake gardama a kansu duk na gefe ne.

Wani malamin kimiyya, Ba'indiye, da ya zo ɗaukar hoton fasfo, shi ya duba hotunan ya bayyana wa Sambo matsalar. Sambo ya dawo gida ya maimaita, yana zanawa a ƙasa. Hasken da madubi ke tarowa ba a shimfiɗe yake sauka ba, a lanƙwashe yake kamar cikin ƙwarya, fim kuwa shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai. In ka kifa ƙwarya a kan faifai, ba ko'ina za su haɗu ba. Maganinsa wani ƙaramin gilashi ne da ake sawa tsakanin madubi da kyamara, ya shimfiɗe hasken. Malamin ya ce a duba akwatin, da wuya a ce babu.

Aka duba, sai ga guda biyu a cikin jakar fata, waɗanda Sambo ya ɗauka na canji ne in wani ya fashe. Ɗaya yana barin taurari da girmansu, ɗayan yana rage su, amma ya kwaso sama mai faɗi. Takardar bayaninsu da wani rubutu take wanda ko Ba'indiyen bai iya karantawa ba.

Sambo ya gwada na farko kwana biyu, ya gwada na biyu kwana biyu. Kokon ya tafi, amma sai taurarin gefe suka fito da wutsiya, kowanne ya ja dogon layi kamar talibambam. Ya watsar da hotunan a tabarma.

"Duk biyun banza na," ya ce. "Fim guda yar rage min, kuma Kaza ta kusa faɗuwa."

Gaskiya ya faɗa. Bazara ta kankama, kullum Kaza sai ƙara gangarawa yamma take yi. Nan da mako guda za ta shige hasken rana, ba za a sake ganinta ba sai bayan kwana arba'in, lokacin an riga an yi shuka, an riga an san wa aka tambaya da wanda ba a tambaya ba.

Da ya tafi shago, Ummulkulsum ta tattara hotunan ta jera su a ƙofar ɗaki inda haske yake. Ta daɗe tana kallonsu yadda takan kalli hular da wata ta ɗinka don ta gane inda hannu ya kauce. Abu na farko da ta lura da shi, wutsiyoyin ba barkatai suke ba. Dukkansu daga tsakiya suke miƙewa zuwa waje, a gilashin farko da na biyu, ba bambanci. In mata biyu suka ɗinka hula biyu, duk suka karkace waje guda, to ba hannunsu ba ne, zanen da aka ba su ne. Abu na biyu, akwai hoto ɗaya da wutsiyoyinsa suka fi gajarta. Ta juya bayansa ta ga ranar da Sambo ya rubuta, Talata. Ta tuna Talatar sarai, don ita ke riƙe da tocila. Ranar ce kyamara ta cije wajen murɗawa, ta ƙi shigewa har ƙarshe, Sambo ya gaji ya bar ta a haka yana mita.

Ta ɗauko takardar da ba mai iya karantawa. Ba ta kula rubutun ba, zanen ta bi da bakin allura. Ga madubi, ga gilashi, ga kyamara. Tsakanin gilashi da kyamara kuwa akwai wani siririn abu baƙi.

Ta san abin, ta kuma san inda yake.

Sau uku tana zuwa bakin ƙofar Sambo da yamma tana komawa. A na huɗu Marka ta gan ta, ta ce, "Ke Ummu, in magana ta ki faɗa, kin ishe ni da sintiri."

Ta durƙusa daga gefe, idonta a ƙasa. "Yaya, ina ga ba gilashin na ba."

"To mi na?"

"Kyamara ta matso da yawa. Ran da tac cije ba ta shige ba, dubi, wutsiyar ta rage." Ta tura masa hotuna biyu da takardar. "Akwai zoben da aka sawa tsakani. Ga shi nan sun zana."

Sambo ya duba hoton, ya duba zanen, ya sake duba hoton. Can sai ya dafe kai. Ranar da ya je Kebbe gaisuwar dawowa daga Makka, ya tarar da kurtun tawadar Malam yana ta tuntsurewa, don gindinsa a kewaye yake kuma gammonsa ya tsinke. Sai ya tuna da wani baƙin zoben ƙarfe da ya gani a akwatin, ba gilashi a cikinsa, ba komai, ya ɗauka abin tokare kaya ne. Ya sa Ummulkulsum ta ɗauko shi a jaka, ya ɗora kurtun a kai, ya zauna daram. Malam ya yi ta sa masa albarka, yana nuna wa baƙi tsarabar Makka.

Marka ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wata huɗu kana zagin masu ƙera shi, ashe rabin bututun na gindin kurtun Baba."

"Ke dai haɗa muna guzuri," in ji Sambo. Shi ma dariyar ce ke cinsa.

Kashegari suka bi motar kasuwa zuwa Kebbe, akwatin a kan cinyoyinsu, don Sambo ya ce ba zai bari a ɗora shi sama tare da buhuna ba. Hanyar ta girgiza su har haƙora na haɗuwa. Sun isa da la'asar, suka tarar da Malam Bube a zaure tare da Malam Na'iya. Sai da Ummulkulsum ta matso dab ta gaishe shi sannan ya gane ta.

"Uwata ta? Marhabin." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Sambo ya yi bayani a gajarce, ya nemi aron zoben. Malam Na'iya ya gyara zama, ya shafa gemu.

"Malam, ashe har ɗiyanka kas sa cikin neman kajin da babu? Ni dai shekara arba'in ina dubawa, shida nika gani. In na ci tuwo na ƙoshi, bakwai."

"Kai ko akuyarka ba ka gani sai ta yi kuka," in ji Malam Bube. Ya laluba ya ɗaga kurtun da kansa, ya zare zoben ya miƙa. Amma Ummulkulsum ta ji muryarsa ba ta da ƙarfin da ta saba.

Ta wanke busasshiyar tawadar da ke jikin zoben, ta goge da gefen zanenta. Ya shiga tsakanin gilashi da kyamara kamar dama jira yake. Saura zaɓi. Fim guda ne, kuma Kaza ba za ta jima a sama ba bayan magariba, babu lokacin kwancewa da ɗaurawa. Sambo ya ɗauki gilashin da ke barin taurari da girmansu.

"Wanga za mu sa. Idon Baba ba shi ganin ƙanana, kuma ina son su fito manya, Malam Na'iya ya ƙirga ba gardama."

Ummulkulsum ta roƙi mahaifinta takardar da ke gafaka. Ta tsufa har ta yi ja, amma ɗigon tawada goma sha ɗaya suna nan. Ta shimfiɗa ta kusa da tsofaffin hotunan, ta auna da zare. Manyan ɗiyan da kowa ya sani suna cunkushe a tsakiya. Biyu daga cikin na Malam kuwa sun yi nisa, ɗaya can sama, ɗaya can ƙasa, nisan ya kusa ninka faɗin tarin. A hotunan gilashi mai girma, wurin da ya kamata su zauna ya faɗa bayan takarda.

"Yaya," ta ce, wannan karon ba ta jira an tambaye ta ba, "in munka sa wanga, tara za mu kawo. Tara kuwa ba sha ɗaya ba ta. Mai faɗin za mu sa. In sun yi ƙanana, kai ka iya ƙara girman hoto wurin wanki. Abin da bai shiga ba kuwa, ba mai ƙara shi."

Sambo ya karɓi zaren ya auna da kansa. Sannan ya mayar da na hannunsa jaka, ya ɗauko ɗayan.

Sun kafa madubin a masussuka, bayan gari, inda ba bishiyar da ta tare yamma. Ana idar da salla sama ta fara duhu, Kaza ta bayyana ƙasa-ƙasa, saman jan da rana ta bari. Aikin na mutum biyu ne. Taurari tafiya suke yi, don haka muddin kyamara na buɗe sai an bi su da wani ɗan maɓalli da ake murzawa a hankali, ido a kan ƙaramin madubin da ke gefe. Sambo ya ɗauki hoto biyu, gumi ya jiƙa shi, ya ce hannunsa ya ƙi tsayawa.

"Zo ki riƙa. Hannun da ka bin zare ya fi nawa."

Ta sa ido. Ba ta taɓa dubawa da kanta ba, kullum tocila take riƙewa. Ga tauraro guda a kan mahaɗar layi biyu, yana neman zamewa. Ta murza, ya dawo. Ta saki numfashi a hankali, ta ci gaba da bin sa yadda takan bi zane a hula, ba gaggawa ba tsayawa, Sambo yana ƙirge a bayanta. Suka ɗauki hoto goma sha biyu a haka kafin Kaza ta taɓa kan gonaki, aka kira isha'i.

Ranar Alhamis a Tambuwal ta zauna a ƙofar ɗakin duhu, ɗinki a hannu, ba ta sa allura ko sau ɗaya ba. Can sai Sambo ya fito. Ya miƙa mata babbar takarda tana ɗigar ruwa. Baƙa ce wuluk, kuma tun daga tsakiya har kusurwa huɗu taurari ne zagaye tsaf, ba koko ba wutsiya. Ta nemi na can sama, yana nan. Ta nemi na can ƙasa, yana nan, saura kaɗan ya fita daga takardar.

Ta ce ya wanke mata na biyu. Da ya bushe, ta ɗauki babbar allura ta huda goma sha ɗayan daga baya, kowanne ya yi ɗan tudu.

Juma'a bayan an sauko masallaci zauren Malam Bube ya cika, don labari ya riga su isa. Har da mutanen Fakku da suka zo salla. Ummulkulsum ta tsaya daga ƙofar cikin gida, amma Sambo ya ce ita ta san mazaunin kowanne, ta fito. Ta fito, mayafi har goshi, ta durƙusa ta ajiye tsohuwar takardar da hoton gefe da gefe a gaban Malam Na'iya.

"Ni za ni ƙirga," in ji shi, "don kada a yi min coge."

Ya sa tabarau. Ita tana nuna ɗigon tawada da bakin allura, sannan ta nuna tauraronsa a hoto, shi yana faɗa da ƙarfi. Shida na farko da sauri ya wuce su. A na bakwai ya ce wannan dama ya yarda da shi. A na takwas ya rage murya. Na tara ya sa aka kai hoton bakin ƙofa ya sake dubawa. Da allura ta hau can sama ta sauka a kan na goma, ta gangaro can ƙasa kan na sha ɗaya, kowanne daidai inda tawadar shekara arba'in ta ajiye shi, sai mutanen zaure suka matso suna leƙe. Malam Na'iya ya cire tabarau ya goge.

"Goma sha ɗaya," ya ce. "Malam, ka gan su. Ni na makaho tun da can, ban sani ba."

Ummulkulsum ta ɗora hoton da ta huda a cinyar mahaifinta, ta kama yatsansa ta kai kan tudun farko. Daga nan bai buƙaci jagora ba. Yatsan ya yi ta tafiya da kansa, daga wannan zuwa wancan, don ya san hanyar. Da ya kai na ƙarshe sai ya ɗaga takardar saitin hasken ƙofa, rana ta shigo ta hudojin. Ya daɗe a haka.

"Ga su nan," ya ce a hankali. "Yadda nib bar su."

Malam Na'iya bai iya barin abin ya wuce haka ba. Ya ja hoton farko ya karkata shi. "To amma tsaya. Waɗanga ƙananan fa da sunka cika takarda? Sun fi hamsin. Ashe kai ma ba ka ga komi ba."

"Su na Uwata na," in ji Malam Bube. "Ni na ƙirga nawa."

Aka yi dariya. Kafin ta lafa, wani dattijo daga Fakku ya matso ya zauna a kan tabarmar baƙi, ya gyara murya, ya ce dama yana so ya ji, in ruwan farko ya sauka kafin Kaza ta dawo, a shuka gero ko a dakata? Wani ma ya matso bayansa. Malam Bube ya gyara rawaninsa ya fara lissafi da yatsu, muryarsa ta cika zauren.

Ummulkulsum ta sulale ta koma cikin gida. Tana jin Sambo a waje yana gaya wa mutane wadda ta gano zoben da wadda ta zaɓi gilashin, kunya ta sa ta toshe kunne ɗaya. Can Malam ya aiko a tambaya ko an gama da tsarabarsa ta Makka, don kurtu ya sake tuntsurewa har ya ɓata buzu. Ta ce a gaya masa zoben ya koma bakin aikinsa. Ta ɗebo kaba a rumfa, ta jiƙa, ta zauna ta fara saƙa masa sabon gammo.